Kotson Ɗanƙwairo a hannun magada

Duk sanda 'ya'yan wani makaɗin fada suka ɗauki kotso a wurin naɗin sarauta a Tsafe ko Gusau, za ka ji dattawa na cewa, "Ai ba kamar tsohon ba." Gaskiya ce, amma hukuncin ya yi sauri.

Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, shi kansa magaji ne. A ƙungiyar mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, makaɗin Sarkin Ƙayan Maradun, ya koyi amshi. Da tsohon ya kwanta dama, wan Musa, Kurna, ne ya karɓi jagoranci, Musa yana Daudun kiɗi, sai daga baya ya ja tasa ƙungiyar. Waƙoƙin da ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello da 'Yandoton Tsafe Aliyu duk a wannan zango na uku suka fito. Da an yanke wa gidan hukunci ranar da Ɗankwanda ya rasu, da an yi babban kuskure.

Abin da ya kamata mai nazari ya kasa wa kunne shi ne 'yan amshi. Saurari kowace waƙar Ɗanƙwairo. Jagora zai ɗauko ɗan waƙa, bai kai rabi ba ya sake shi, 'yan amshi su cafe, su ƙarasa, su yi ƙari, sannan su faɗa gindin waƙa daidai inda kotso ya sauka, ba wanda ya riga wani numfashi. Wannan ba ya samuwa sai mutane sun shekara da shekaru suna tsara waƙa tare, kowa ya san inda ɗan'uwansa zai ja murya. Cire mutum biyu daga cikinsu ka sa sababbi, ko jagora na nan da ransa, kunne zai ji giɓi. Haka taushin Salihu Jankiɗi, haifaffen Rawayya ta ƙasar Bunguɗu, ya dogara da mutanen da ke bayansa.

Magadan yau kuma suna ɗauke da wani nauyi da Ɗanƙwairo bai ɗauka ba. Shi ba a jera muryarsa da ta mahaifinsa a kaset ba. Su kuwa muryar Ɗanƙwairo tana cikin wayar kowane direba a tashar Gusau, ba ta tsufa, ba ta shaƙewa.

Inda nake ganin laifinsu shi ne yawan maimaici: a ɗauko tsohon gindi, a cire sunan basaraken da ya rasu, a cusa na ɗan siyasa. Wannan yana ɓata min rai, domin Ɗanƙwairo ya zauna ya bi asalin gidan 'Yandoto kaka da kakanni kafin ya buɗe baki. Magajin da ya tsara sabon gindi, ya horar da 'yan amshinsa har suka iya karɓeɓeniya ba tuntuɓe, shi ya cancanci a saurare shi da kyau, ko da muryarsa ba ta kai ta ubansa zaƙi ba.