Waƙa Ba 'Yan Amshi: Sharhi a Kan Faifan "Nebraska"

Na san wani zai ce me ya kawo mawaƙin Amurka cikin mujallar ƙungiyar Hausa. To, a yi mini haƙuri a ji dalili. Akwai wata tambaya da ta daɗe tana damun masu nazarin waƙar baka, watau mene ne ainihin aikin 'yan amshi? Sau da yawa mukan ce suna ba jagora damar numfasawa, suna kuma riƙe gindin waƙa. Haka ne, amma ban taɓa ganin wurin da nauyinsu ya fito fili ba kamar a wannan faifai, inda aka cire su gaba ɗaya.

Bruce Springsteen mutumin jihar New Jersey ne, kuma da ƙungiyar makaɗansa mai suna E Street Band ya yi suna. Masu ƙarfin kiɗa ne ainun, ga ganga, ga jita, ga abin busa, har su cika filin ƙwallo da sauti. A farkon watan Janairu na 1982 ya zauna a ɗakin kwanansa a Colts Neck da wata 'yar rikoda mai layi huɗu, da jita da hamonika, ya ɗauki sababbin waƙoƙi a kaset domin ya koya wa mutanensa. Da suka shiga ɗakin ɗaukar waƙa suka gwada su da cikakken kiɗa, sai ya ji yawancinsu sun mutu. Ƙarshenta dai kaset ɗin nan na gwaji, wanda ya yi ta yawo da shi a aljihu, shi aka mayar faifai, ya fito ranar 30 ga Satumba, 1982, da waƙoƙi goma.

Jigon faifan talauci ne da laifi. A ƙarshen wannan shekara rashin aikin yi a Amurka ya haura kashi 10 cikin ɗari, kuma mutanen da ke cikin waƙoƙin irin waɗanda abin ya ci ne. A "Johnny 99" an rufe masana'antar motoci ta Mahwah, wani ma'aikaci ya rasa abin yi, ya bugu, ya harbe mutum, alƙali ya ɗaure shi shekara 99, shi kuwa ya roƙi a kashe shi ya huta. Waƙar da faifan ya ci sunanta kuma ta Charles Starkweather ce, saurayi ɗan shekara 19 wanda ya yi ta kashe mutane a 1958 yana tare da wata yarinya 'yar shekara 14, aka zartar masa da hukuncin kisa a 1959. Mawaƙin ya ari bakin mai kisan, yana magana a hankali kamar mai ba da labarin cin kasuwa.

Mu da muka taso a Ceberu, waƙar masu laifi ba baƙuwarmu ba ce. Marigayi Gambu na Fagada, nan ƙasar Maiyama, da waƙar ɓarayi duniya ta san shi kafin ya tuba ya bari. Amma a lura da bambanci. Gambu yana da kalangu, yana da masu karɓa masa, idan ya ambaci ɓarawo sai kiɗa ya ɗauka, sai abin ya zama zuga, mai saurare ya tsinci kansa yana kaɗa kai ga abin da zuciyarsa ta ƙi. A nan ne na ga aikin amshi na gaskiya: amshi shaida ne. Duk abin da jagora ya faɗa, muryoyi uku ko huɗu sun tashi sun ce haka ne, kai kuma da ke gefe an riga an yanke maka hukunci, saura ka bi. Shi ya sa waƙar fada ba ta yiwuwa sai da su. A ɗauki Narambaɗa ko Ɗanƙwairo a raba shi da 'yan karɓinsa, to kirarin sarki ya koma ra'ayin mutum ɗaya, alhali kuwa sarauta ba ta tsayuwa a kan bakin mutum ɗaya.

A "Nebraska" babu mai cewa haka ne. Mai kisa ya gama maganarsa, sai shiru, sai kukan hamonika. Ba a zuga shi ba, ba a kuma tsine masa ba, an bar ka kai kaɗai da shi a ɗaki. Wannan ya fi kusa da hanyar Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, shi da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya. Ba banza ba ne mawaƙinmu da ba shi da 'yan amshi ya zama shi ne mai waƙar karen mota da rikicin miji da mata, yana canza murya yana ba kowa bakinsa. Wanda ke waƙa shi kaɗai yana iya shiga rigar ƙaramin mutum ba tare da ya mai da shi gwarzo ba.

Idan ana neman hujja, ga ta a cikin tarihin mawaƙin kansa. Waƙar "Born in the U.S.A." tana cikin wannan kaset na ɗaki, kuka ne na sojan da ya dawo daga yaƙin Biyetnam ya tarar ba aiki ba mai kula. Ya ajiye ta, ya fitar da ita a 1984 da cikakkiyar ƙungiya, ganga kamar aradu, dubban mutane suna karɓa gindin. Baitocin kusan duk suna nan yadda suke, amma jama'a da yawa suka ɗauke ta taken kishin ƙasa, har Shugaba Reagan ya ambaci sunan mawaƙin a yaƙin neman zaɓe na wannan shekara. Kiɗa da amshi sun mai da makoki kirari. Da an yi wa waƙar Starkweather haka, Allah kaɗai ya san abin da za ta zama.

Faifan ba ya rasa aibi. Ga kunnen Bahaushe, wanda ya saba da kiɗan da ke motsa ƙafa, rabinsa a karin murya ɗaya yake tafiya, har mutum ya ƙosa. Waƙoƙin da ya yi a kan yarintarsa, irin su "Mansion on the Hill", sun yi sanyi da yawa, ko kuntigin Ɗan Maraya ya fi su rai nesa ba kusa ba. Kuma a waƙar Starkweather waɗanda aka kashe lissafi ne kawai, ba suna ba fuska, abin da nake ganin gazawa ce, ko da an ce da gangan aka yi.

Wadda ta fi kama ni ita ce "Highway Patrolman". Ɗan sanda ne yake ba da labarin ɗan'uwansa fitinanne, wanda ya ji wa wani mummunan rauni a gidan giya ya gudu. Ya bi shi da mota cikin dare har kusa da iyakar Kanada, sa'an nan ya ja gefe ya tsaya, yana kallo ya wuce. Zumunci ya kayar da aiki, ko kuwa amana aka ci? Da da 'yan amshi, dole su goyi bayan ɗaya. A 2025 an fitar da wasu daga cikin gwaje-gwajen da aka yi da ƙungiya a 1982, mai so yana iya kwatantawa da kansa. Ni dai wannan waƙa ba na fatan jin wata murya ta biyu a cikinta.