Ruwan Bagaja: shin jin daɗi abin biɗa ne?

Ƴan uwa masu karatu, ga wani littafi da ya kamata mu duba. Sunansa Ruwan Bagaja. Abubakar Imam ya rubuta shi yana malamin makaranta a Katsina, aka buga shi a 1934.

Ga labarin a taƙaice. Ɗan sarki ya kwanta ciwo. Liman ya ce ruwan Bagaja ne maganinsa, sai aka yi masa dariya a fada. Alhaji Imam, wanda limamin ya riƙe kamar ɗa, ya ji zafin wannan wulakanci. Ya shiga duniya biɗar ruwan. Bayan shekaru ya samo shi, ɗan sarki ya warke.

Ku lura da abu guda. Alhaji bai fita don jin daɗin kansa ba. Ya fita don ya share hawayen uba, ya warkar da majinyaci. Farin ciki daga baya ya zo, kamar inuwar itacen da ka dasa don ƴaƴansa. Nan littafin ya yi gaskiya.

Amma akwai inda ya gaza. Yawancin shafunansa labarin cuta ne tsakanin Alhaji da Malam Zurƙe. Wannan ya cuci wancan, wancan ya rama, mu kuwa muna dariya. Yaro zai iya zaton wayo shi ne hanyar jin daɗi. Kuma da taimakon aljannu Alhaji ya kai ga ruwan. Wane manomi ke da aljanin da zai cika masa rumbu?

Wannan magana ta shafe mu. Kowace kaka samarinmu suna tafiya biɗa, wasu Kano, wasu Abijan, wasu Libiya. Wanda ya tafi don cimakar iyali, ya dawo kafin shuka, ya san abin da yake nema. Wanda ya tafi biɗar jin daɗi kawai, ba ya da ranar dawowa, don jin daɗi ba ya da kasuwar da ake auna shi da tiya. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

To, ku karanta littafin. Hausarsa mai sauƙi ce, za ku yi dariya. Amma in kun taru wurin karatu da dare, ku tambayi juna: saboda wa Alhaji ya bar gida? Mu kuma, saboda wa muke barin namu?