Rinin Wuta: Yadda Ake Haɗa Jesin Ƙwallo

Yadin jesi ba ya shan rini yadda auduga ke sha. Poliyesta ne, zaren roba, ko a marinar Ƙofar Mata ka tsoma shi, babar ba za ta kama shi da kyau ba. Shi ya sa masu wannan sana'a suka koma ga wuta.

A kwamfuta ake fara zana rigar, gaba daban, baya daban, hannuwa daban. Sai a buga zanen a juye a kan takarda, da tawada ta musamman. A shimfiɗa takardar a kan farin yadi, a danne da injin da zafinsa ya kai wajen digiri 200, na kamar minti ɗaya. Zafin nan shi ke mayar da tawadar tururi, zaren ya saki jiki ya haɗiye ta, yana hucewa kuma ya riƙe ta gam. Shafa irin wannan riga da tafin hannu, ba za ka ji tudun fenti ba, domin launin yana cikin zaren. Ba ya ɓarewa a wanki, kuma bai toshe ƙofofin da iska ke bi ta busar da gumi ba.

A nan ake gane gwani. Launin da ke kan takarda dishi-dishi yake, sai ya ji wuta yake bayyana, don haka mai aikin da idon zuci yake ganin koren da zai fito. Takarda ta ɗan gusa, zane ya fito da inuwa. Zafi ya zarce, fari ya koma ɗorawa. Yadin ma yana ɗan tsukewa a ƙarƙashin injin, dole a ba shi rara tun wajen zane. Ni dai wannan lissafin da ba a gani ya fi burge ni.

Duba rigar da Nike ta yi wa Super Eagles don Gasar Cin Kofin Duniya ta 2018: jiki kore da fari mai zanen gashin mikiya, hannuwa baƙi da fari, an aro tunanin daga rigar 1994. Ranar 1 ga Yuni da aka fito da ita, mutane suka yi dogon layi a Landan, ta ƙare nan take. Ita ce a jikin Ahmed Musa ranar da ya zura wa Iceland ƙwallo biyu. Kyan irin wannan zane mai kaifi yana hannun mai yanka da mai ɗinki, domin ko kaɗan suka karkace, ido zai kama.

Ɗinkin ma da nasa sirrin. Yadin yana miƙewa, don haka ɗinki sai ya miƙe tare da shi, in ba haka ba mai tsaron baya ya fizgi riga zare ya tsinke. Ana kwantar da bakin ɗinkin don kada ya goge fata cikin minti 90 na gudu, a sa yadi mai raga a inda gumi ya fi taruwa.

Wani lokacin doka ce ke gwada basirar masu haɗa jesi. A 2002 Puma ta yi wa Kamaru riga marar hannu, suka ci Kofin Afirka da ita a Mali. Da FIFA ta hana su sa ta a Gasar Duniya ta Koriya da Japan, sai aka ɗinka mata baƙaƙen hannuwa, koren jikin ya tsaya da siffarsa, hukuma kuma ta sami inda za ta liƙa tambarinta.