Lambar Zinariya da Ginshiƙin Brancusi: Nazarin Nunin Fasahar Romaniya a Lokacin Wasannin Olamfik

I

Al'ada ce ta ƙasashe, idan za a yi babban taron wasanni irin na Olamfik, kowace ta bi 'yan wasanta da kayan fasaharta, ta baje su a ƙasar da ake taron domin baƙi su gani. Dalilin ba a ɓoye yake ba: idon duniya ya taru wuri guda, mai talla kuwa ba ya ƙin ranar kasuwa. Wannan takarda za ta duba yadda al'amarin ya kasance ga ƙasa guda, watau Romaniya, wadda ke kudu maso gabashin Turai. An zaɓe ta ne domin ta yi suna ta fuska biyu, wajen wasa da wajen fasaha. Abin da za a nuna shi ne, nunin da aka ɗaura wa lokacin wasa yakan sa a auna fasaha da mudun wasa, har a fifita abin da ido ke ganewa nan take bisa abin da sai an zauna da shi.

Haɗa wasa da fasaha ba sabon abu ba ne. Pierre de Coubertin, Bafaranshen da ya farfaɗo da wasannin a 1896, ya so a riƙa ba mawaƙa da masassaƙa lambobi kamar yadda a ke ba masu gudu. Daga 1912 zuwa 1948 an yi gasa a fannoni biyar: tsarin gini, adabi, kiɗa, zane da sassaƙa. Shi kansa ya ci lambar zinariya ta adabi a 1912 da sunan aro. Bayan 1948 aka bar gasar, aka koma ga nune-nune da bukukuwa, har a Basalona, wajen wasannin 1992, aka shimfiɗa bikin al'adu na shekara huɗu. An daina rataya wa fasaha lamba, amma ba a daina sa ran ta yi wa ƙasa aikin lamba ba.

II

Lambar Olamfik ta farko da Romaniya ta samu ta tagulla ce, a Faris, a 1924, cikin wasan ƙwallon zari-ruga. Ƙasashe uku kaɗai suka shiga, Amurka da Faransa da Romaniya, aka cinye Romaniya sau biyu, ta zo ta uku. A wannan lokaci Constantin Brancusi, ɗan ƙauyen Hobita, ya yi shekara ashirin a birnin yana sassaƙa, gama ya iso tun 1904. Bayan 'yan shekaru ya aika da wani tsuntsu na tagulla zuwa Amurka, ma'aikatan kwastan suka duba ba su ga fiffike ko baki ba, suka ce ƙarfen masana'anta ne, a biya haraji. Sai da aka je kotu, a 1928 alƙali ya yanke cewa aikin fasaha ne. Ga bambancin a sarari. Lambar da aka samu bayan shan kaye biyu an rubuta ta a ranar, ba gardama. Aikin da duniya ta zo tana girmamawa kuwa sai da aka yi shari'a kafin a yarda da sunansa.

Ba inda wannan bambanci ya fi fitowa kamar a Montiriyal a 1976. Nadia Comaneci, yarinya 'yar shekara 14, ta sami maki goma cif a wasan alkafura da lanƙwasa jiki, abin da allon maki bai iya nunawa ba, sai ya rubuta 1.00. Ta maimaita har sau bakwai, ta koma gida da zinariya uku. Gwamnatin Nicolae Ceausescu ta ga amfanin abin. A shekarar aka fara bikin al'adu na ƙasa mai suna Cantarea Romaniei, aka bi shi da gasar wasanni mai suna Daciada, duka biyu a hannun jam'iyya, duka biyu kuma da manufar yabon shugaba. Raye-rayen karkara da tufafin manoma suka zama kayan ado na hukuma.

A 1984, sa'ad da Tarayyar Sobiyat da sauran ƙasashen Yarjejeniyar Warso suka ƙaurace wa wasannin Los Anjeles, Romaniya ta je, ta ci lambobi 53, 20 daga cikinsu na zinariya. Jama'a suka tafa mata. A gida kuwa ana rabon abinci da ma'auni, ana ɗauke wuta, domin a biya bashin waje. Hoton da aka kai waje bai yi ƙarya ba game da gwanintar 'yan wasan, amma ya rufe abin da ke bayansa. Ita kanta Nadia ta tsallake iyaka da ƙafa a watan Nuwamba 1989, makonni kaɗan kafin mulkin ya faɗi. Duk wanda zai yi magana a kan nunin al'adun Romaniya a waje, lalle ne ya tuna cewa mutanen ƙasar sun taɓa ganin yadda a ke mayar da rawa da lamba mayafi.

III

Bayan 1989 sai tambaya ta zama: wa zai zaɓi abin da za a nuna? A 2003 aka kafa Cibiyar Al'adun Romaniya, mai rassa a manyan birane, har da Landan da Faris da Niyok. Daga 2005 marubuci Horia-Roman Patapievici ya shugabance ta. A zamaninsa cibiyar ta ƙarfafa fassarar littattafan ƙasar zuwa wasu harsuna, ta kuma kai sababbin masu zane da masu fim waje. A cikin waɗannan shekaru, a 2007, Cristian Mungiu ya ci babbar lambar bikin fina-finai na Kan da wani fim a kan wahalar mata a ƙarshen mulkin Ceausescu. Irin wannan aiki ba ya yabon ƙasa, amma ya sa masu hankali a waje suka fara tambayar labarinta.

A watan Yuni 2012, ana saura makonni a buɗe wasannin Landan, gwamnatin Victor Ponta ta fitar da dokar gaggawa, ta ɗauke cibiyar daga ƙarƙashin shugaban ƙasa ta sa ta a ƙarƙashin Majalisar Dattawa. Marubuta da masu fasaha suka yi zanga-zanga. A watan Agusta Patapievici ya ajiye aiki. Rikicin yana da saiwa a siyasar jam'iyyu, amma a ƙarƙashinsa akwai gardama ta gaske. Waɗansu na ganin aikin cibiya shi ne ta nuna kyakkyawar fuskar ƙasa, ta kuma kula da 'yan ƙasa mazauna waje. Waɗansu kuwa na ganin aikinta ta buɗe wa mai fasaha ƙofa, ko da abin da zai faɗa ba zai yi wa hukuma daɗi ba.

A wannan watan na Agusta, a bikin fasaha na Edimbara, 'yan wasan kwaikwayo na birnin Sibiu suka nuna wasan da Silviu Purcarete ya tsara daga labarin tafiye-tafiyen Gulliver na Jonathan Swift. Wasa ne mai ƙarancin magana, mai duhu, wanda ke ba'a ga halin ɗan Adam. Labarin ba na Romaniya ba ne, kuma ba a shirya shi domin kirarin ƙasa ba. Duk da haka ya nuna irin horon da 'yan wasan ƙasar ke da shi fiye da yadda jawabin jakada zai nuna. Kuma masu bikin Edimbara ne suka gayyace su, bayan sun ga wasansu na Faust a 2009. Zaɓen da baƙo ya yi domin ya gamsu ya fi zaɓen da mai gida ya yi domin a yabe shi nauyi.

IV

A 2024 wasannin suka koma Faris bayan shekara ɗari. Daga 27 ga Maris zuwa 1 ga Yuli Cibiyar Pompidou ta yi babban nunin ayyukan Brancusi, da sassaƙa fiye da 120. A daren buɗe wasanni, 26 ga Yuli, Nadia Comaneci na cikin tsofaffin gwanayen da suka riƙe wutar Olamfik a kwalekwale bisa kogin Sen. A ƙarshen watan David Popovici ya ci zinariya a ninkayar mita 200, kuma hukumar UNESCO ta sa ayyukan Brancusi na garin Targu Jiu cikin jerin kayan gadon duniya. Mai kallo daga nesa zai ce komai ya zo daidai.

Amma fa akwai abin lura. Yawancin abin da aka nuna a Pompidou mallakar Faransa ne, domin Brancusi ya zama ɗan Faransa a 1952, ya bar wa gwamnatinta ɗakin aikinsa da abin da ke ciki kafin rasuwarsa a 1957. A farkon mulkin kwaminis hukumomin Bukarest ba su ɗauki aikinsa da daraja ba. Haka George Enescu, babban mawallafin kiɗa, ya bar ƙasar a 1946, ya rasu a Faris a 1955. Eugene Ionesco da Faransanci ya yi suna. Herta Muller, wadda ta ci lambar Nobel a 2009, da Jamusanci take rubutu, ta kuma bar ƙasar a 1987. Sunayen da a ke tinƙaho da su, da yawansu na mutanen da gida ya yi wa ƙunci ne. Nunin da ya jera su bai faɗi dalilin fitarsu ba ya ba da rabin labari.

Ginshiƙin da ke Targu Jiu misali ne mai kyau. An gama shi a 1938, tsayinsa ya kusa mita 30, ƙullai ne na ƙarfe iri ɗaya bisa juna, kamar carbi a tsaye. Da sauƙi a buga shi a tuta ko a riga, gama ko yaro zai gane siffarsa. Sai dai an gina shi ne domin tunawa da sojojin da suka mutu suna tsare garin a 1916, kuma shi ne ƙarshen wata doguwar hanya wadda ke tasowa daga tebur na dutse a bakin kogi, ta bi ta ƙofar dutse. Sai wanda ya taka hanyar zai ji abin da a ke nufi. Idan aka cire shi daga makoki aka kafa shi a gefen jerin lambobi, ya zama alamar nasara, alhali alamar rashi ce.

Haka abin yake ga Enescu. Kiɗan da aka fi sani nasa shi ne Rafsodi ta Farko ta Romaniya, wadda ya tsara a 1901 yana ɗan shekara goma sha tara, daga kaɗe-kaɗen gargajiya. Tana da zaƙi, tana da sauri, ta dace da daren biki. Shi kansa daga baya ya gaji da yadda ta danne sauran aikinsa. Babban aikin ransa shi ne Oedipe, wasan kwaikwayo na waƙa da aka fara nunawa a Faris a 1936. Bukarest ba ta gan shi ba sai 1958, babban gidan ofera na Landan kuwa sai 2016. Mai shirya biki na dare ɗaya zai ɗauki na farko kullum.

Rigar mata mai surfani a kafaɗa, wadda a ke kira iye, ita ma ta sha wannan. Henri Matisse ya zana ta a 1940, UNESCO ta sa sana'arta cikin gadon duniya a 2022 da sunan Romaniya da Moldoba. Masana na gane yankin da riga ta fito daga ɗinkinta, kamar yadda mai ido ke rarrabe aska biyu da aska takwas. A watan Yuni 2024 masu kishin rigar suka yi kuka cewa kamfanin Louis Vuitton ya kwaikwayi ta yankin Sibiu bai ambaci asalinta ba. Kukan na da hujja. Amma nunin da ya sa wa 'yan rawa riga bai faɗi ƙauye ko hannun da ya ɗinka ba, shi ma ya share sunan mai aiki.

V

Ba a ce kada a yi nuni a lokacin wasa ba. Ƙasar da harshenta bai yaɗu ba, ba ta da damar yin wasa da ranar da duniya ta waiwayo. Mai yiwuwa ne wanda ya zo domin ninkaya ya shiga ɗakin nuni ya fita da sunan Brancusi a bakinsa, wannan kuwa riba ce. Abin da a ke cewa shi ne, a auna irin wannan nuni da tambayoyi uku. Wa ya yi zaɓen, mai fasaha ko mai mulki? An faɗi tarihin abin tare da ɗacinsa, ko kuwa siffarsa kaɗai aka kai? Me ya rage bayan an kashe wuta, littafin da aka fassara da gayyatar da za ta biyo baya, ko kuwa hotuna?

Bisa wannan ma'auni, abin da ya fi amfanar Romaniya shi ne aikin da ba ya jiran kalandar wasanni: fassara, da musayar 'yan wasan kwaikwayo, da bikin Enescu da a ke yi a Bukarest tun 1958. Malamin da zai koya wa ɗalibansa wannan fanni, ya kyautu ya ajiye musu abu biyu a gaba, makin Montiriyal da hukuncin kotun 1928, ya sa su duba tsawon lokacin da kowanne ya ɗauka kafin a yarda da shi. Na farko daƙiƙoƙi ne, na biyu sai da aka shekara ana gardama. Hukumar da ta so fasaha ta biya ta da saurin lamba, za ta riƙa zaɓen mai sauƙin gani, ta bar mai daɗewa a gida.