Farashin Zaɓi a Cinikin Gaba: Sharhi Kan Ra'ayin Kamali

A littafinsa na shekarar 2000 kan cinikin gaba da cinikin zaɓi, Farfesa Muhammad Hashim Kamali ya karkata ga halatta su, bisa ƙa'idar cewa asali a mu'amala shi ne halacci. Buƙatar da ya hango gaskiya ce, domin manomin Kibiya da ɗan kasuwar Rano kowannensu na fargabar farashin kaka. Sai dai hujjar tana raunana idan aka dubi yadda ake yanke kuɗin zaɓin.

A ƙaddara ɗan kasuwa ya biya naira 3,000 da damina, don a ba shi damar ƙulla cinikin buhun dawa a kan naira 40,000 da kaka. In dawa ta yi tsada ya ƙulla, in ta faɗi ya janye, kuɗinsa kuwa sun tafi ko ta yaya. Lissafin da Fischer Black ya fitar a 1976 yana auna irin wannan kuɗi da abubuwa biyar: farashin gaba, farashin da aka yanke, tsawon wa'adi, kuɗin ruwa, da yawan hawa da saukar farashi. Na ƙarshen nan shi ne jigo. Duk lokacin da rashin tabbas ya ƙaru, zaɓi kan ƙara tsada. Ashe garari a nan bai zo a matsayin mabiyi da ake yafewa ba, shi kansa ake sa wa farashi.

Kiyasinsa da kafin alƙalami ma bai tsaya ba. Malikiyya sun hana cinikin arabun, Hanbaliyya da suka halatta shi kuwa suna lissafa shi cikin kuɗin kaya idan ciniki ya faɗa, alhali kuɗin zaɓi daban yake. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta hana cinikin zaɓi saboda abin da ake sayarwa ba dukiya ba ne, ba kuma amfani ba.

Mafitar manomin Kibiya tana cikin salam: a siffanta hatsi, a fayyace awo da lokaci, a biya kuɗi gaba ɗaya, ko da jinkirin da bai wuce kwana uku ba a wurin Malikiyya. Abin da ya rage wa malamai shi ne tsare salam daga zaluncin ba da kaka, inda ake karya wa mabuƙaci farashi a tsakiyar damina. Allah ne Mafi sani.