Gulbi a Takarda da Gulbi a Dundaye: Sharhi a kan Nazarin W. M. Adams

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya tashi daga birnin Sakkwato ya nufi Dundaye, inda mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yake, zai ratsa fadama ya hau gadar Kwalkwalawa. Manufar wannan maƙala ita ce ta auna abin da W. M. Adams, masanin labarin ƙasa na Jami'ar Kambirij, ya rubuta game da gulaben wannan yanki a maƙalarsa ta 1985 da littafinsa Wasting the Rain na 1992, wato "Ɓarnar Ruwan Sama". Ma'aunin kuwa shi ne rayuwar mutanen da ke zaune a bakin ruwan.

2.0 Shimfiɗar Ƙasa

Gulbin Sakkwato ya taso ne daga wajen Funtuwa, ya bi ta Gusau da ƙasar Talatar Mafara. Rima kuwa ya biyo ta Goronyo da Wurno, ɗauke da ruwan Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi, wanda ya shiga Jamhuriyar Nijar ya sake komowa. Kusa da birnin Sakkwato suka haɗu, suka gangara Argungu da Birnin Kabi har suka faɗa Kwara. Kowane reshe an datse shi: Bakalori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, Goronyo a kan Rima a 1984. Ke nan manomin Dundaye yana zaune ne a inda hukuncin masu buɗe ƙofar ruwa da rufe ta yake sauka.

3.0 Inda Nazarin Ya Yi Ƙarfi

Masu tsara aikin Bakalori sun lissafa amfanin da za a samu a filayen ban ruwa. Adams ya juya ga mutanen da ke ƙasan madatsar, waɗanda ba a sa cikin lissafin ba. Ya nuna cewa cikar gulbi ta damina, wadda injiniya yake ɗauka ruwa ne mai tafiya a banza, ita ce jarin manomin fadama. Ita ke jiƙa ƙasa, ta zuba laka, ta cika tafukka, ta ba kifi wurin hayayyafa. Da aka datse ruwan sai cikar ta ragu a faɗi da zurfi da daɗewa. Gonakin shinkafa da yawa suka koma na gero da dawa, noman rani ya yi wuya, su ya ja baya.

Wannan hujja tana da nauyi domin daga gona aka ɗauko ta. Idan aka haɗa ta da abin da ya auku a watan Afrilu na 1980, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wuta a kan manoman Bakalori masu neman diyya, za a ga cewa asarar aikin ta kama na sama da na ƙasa. Babbar gudummawar Adams ita ce ya ɗauki dabarun manomi a matsayin ilimi, a zamanin da ake yi musu kallon ci baya.

4.0 Inda Dundaye Ta Ƙara Bayani

Abu na farko, binciken ya dogara ne a kan reshe guda da fuska guda ta matsalar, wato ƙarancin ruwa. Ba laifin marubucin ba ne, domin abin da zamaninsa ya nuna masa ke nan. Amma a watan Satumba na 2010 ɗaya fuskar ta bayyana. Ruwan sama ya yi yawa, Goronyo ta cika, ruwa ya kwararo ya cinye gonaki da ƙauyuka, ya yanke hanyar da ta haɗa jami'a da birni. Darasin da ke nan shi ne, abin da manomi ya rasa ya wuce yawan ruwa, ya haɗa da sanin lokacin zuwansa. A da yakan dubi sama da watan da ake ciki ya shirya. Bayan datsewa, ruwa na iya zuwa bisa shawarar da aka yanke a ofis, ba da saninsa ba.

Abu na biyu, nazarin ya fi kallon gulbi ta fuskar abinci. Amma gulbi shamaki ne kuma hanya ce. Tun da aka kafa jami'ar a 1975, ta kuma koma Dundaye daga baya, gada ta zama igiyar da ta ɗaure malami da ɗalibi da mai albasa da mai kifi wuri guda. Da hanya ta yanke a 2010, fito aka koma yi da jiragen ruwa, har shaihin malami ya zauna a gaban mai tuƙi yana bin umarninsa. Sana'ar da gada ta tura gefe ita ta ɗauki jama'a. Ruwan da ya dake ka, in ji Hausawa, shi ne ruwa.

Abu na uku shi ne harshe. Da Ingilishi aka yi rubutun, don masana da masu tsara manufa, kuma kalma guda takan haɗiye bambance-bambancen da manomi yake rayuwa a kansu. Basakkwace yana cewa gulbi inda Bakano ke cewa kogi. Yana rarrabe tudu da fadama, tafki da ƙorama, mashaya da maƙetara. Yana kuma rarrabe cikar gulbi, wadda ake jira, da ambaliya, wadda ake tsoro, alhali Ingilishi yakan kira su da suna ɗaya. A kan wannan bambanci ne dukan hujjar Adams ta tsaya, ga shi kuwa Hausa ta riga ta ajiye shi. Har ila yau, a rubuce-rubucen kimiyya na jami'ar kanta, ruwan Kwalkwalawa wani lokaci Rima ne, wani lokaci Gulbin Sakkwato, wani lokaci kuma sunan ƙauyen ake ba shi. Mai nazarin da bai tantance suna ba, da wuya ya tantance wace madatsa ce ta jawo wace asara.

5.0 Kammalawa

Aikin Adams yana nan da darajarsa, ya kuma cancanci a karantar da shi a sassan Hausa kamar yadda ake yi a sashen labarin ƙasa. Giɓin da ya rage na masu nazarin harshe da al'ada ne. Hukumar UNESCO ta sa bikin kamun kifi na Argungu cikin gadon al'adun duniya a 2016, amma homa da gora na kwana huɗu ba za su adana ilimin shekara ba. Ana bukatar tattara sunayen tafukka da na kifaye da irin shinkafa, da kalmomin su da na fito, daga bakin Sarkawa da tsofaffin manoma tun suna raye. Waɗanda suka fi kusa da wannan aiki su ne ɗaliban da ke hawa gadar Kwalkwalawa safe da yamma.