Mai Sayar da Furen da Ba Ta Dawo Ba

Mu nan unguwa, in aka ce gem, ƙwallo da dambe ne ke zuwa mana a rai, yara sun cika shago suna ihu har a kira magariba. Shi ya sa da yawanmu ke ganin ɓata lokaci ne kawai. To amma kafin mu yi musu kuɗin goro, mu ɗan duba wani tsohon wasa, Final Fantasy VII, wanda kamfanin Square na Japan ya fitar a 1997 a kan PlayStation, cikin faifai uku.

Labarin ya faro ne a birnin Midgar. Masu hali na zaune a sama kan wani makeken faranti, talakawa kuwa a ƙarƙashi, ko rana ba sa gani sosai. Kamfanin Shinra na zuƙe ƙarfin ƙasa yana mai da shi lantarki. Da wasu 'yan tawaye suka tsone masa ido, sai ya saki wani sashe na farantin ya danne unguwa sukutum.

Amma inda wasan ya yi ƙarfin hali shi ne kan Aerith, wata yarinya mai sayar da fure. Ka shafe awoyi kuna tafe tare, ka saya mata makami, ka ƙara mata ƙarfi. A ƙarshen faifai na farko Sephiroth ya soke ta da takobi tana cikin addu'a. Akwai maganin da ke tayar da wanda ya faɗi a fagen fama, amma ita bai yi mata rana ba. Shekara da shekaru masu wasan na ta yaɗa jita-jitar dabarar dawo da ita, alhali babu. Wasan da ya saba ba ka damar sakewa, a nan ya ce maka mutuwa ba ta da gyara.

Ba mu ce bai da aibi ba. Fassararsa ta Turanci cike take da kurakurai, kuma inda jarumi Cloud ya gano cewa tarihin da yake ba da na kansa na abokinsa Zack ne, labarin ya cakuɗe har mutum ya rasa gane gabansa. Duk da haka mutane ba su manta ba, har aka sake gina shi, kashi na farko a 2020, na biyu a 2024.

Don haka in mun tarar da yaro riƙe da fad, kafin faɗa mu tambaye shi wane labari yake ciki. In akwai, mu saurara. In babu, sai mu tura shi ya ɗauko littafinsa.